Ƙorafi a kan Karyar Makaho Tanimu

Daga: Markus Dogo, Ɗan Kwangilar Hanya, Kontagora.
Zuwa ga: Mai Girma Di'o, Kontagora, Jihar Arewa Maso Yamma.
14 ga Agusta, 1972.

Game da: Lalata tarbiyyar ɗan kwikwiyona, Kaftin, da roƙon a kawar da karyar da ta jawo hakan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina neman izinin kai kukana gare ka kamar haka:

1. A watan Afrilun bana na je Ikko, na sayo wa maiɗakina Alice ɗan kwikwiyo a hannun wata Baturiya. Irin da ake kira Fomeraniya ne, mai jan gashi buzu-buzu, ko ya girma ba zai fi kyanwa ba. Da kaina na zaɓe shi, don shi kaɗai ya ciji yatsana cikin 'yan'uwansa. Baturiyar ta ce bai isa yaye ba. Na ce mata ba zan sake biyo wannan doguwar hanya saboda nono ba.

2. Da muka iso ya ƙi madarar gwangwani, ya soma ramewa. Leburorina suka ba ni labarin wani tsoho makaho, Tanimu, a wata tunga kan hanyar Beri, wanda karyarsa ta haihu. Ita ke yi masa jagora da igiya zuwa gona da rafi. Na aika aka kawo ta. 'Ya'yanta, tun da ba su da wani asali, na sa aka zuba a buhu aka jefa a ruwa, don kada su raba nono da Kaftin. Ban zalunci kowa ba: na aika wa tsohon da sabuwar sanda, har da ƙarfe a gindinta.

3. Da Kaftin ya yi ƙwari na fara horar da shi da yunwa da tsumagiya. Ya iya zama, ya iya miƙa hannu. Saura ya san bambancin baƙon kirki da mai tsumma. To, da ma tsohon nan ya mai da ƙofar gidana wurin zama, kullum yana lalubo hanya yana roƙon a mayar masa da karyarsa. Na ga zuwan nasa bai kamata ya tafi a banza ba, sai na riƙa sakar masa Kaftin don ya koyi haushi da cizo. Haƙoran ba su fi ƙwayar shinkafa ba, jinin ma kaɗan ne.

4. A ɗaya daga cikin zuwan nan tsohon ya faɗa ramin da muka haƙi tsakuwa, ya karye a hannu. Ina so a rubuta cewa ba ni na kira shi ba.

5. Ran 2 ga Yuli, a gaban manyan baƙina, na ba Kaftin umarni ya kama Tanimu. Maimakon haka sai ya je ya kwanta a kan ƙafafun tsohon nan masu faso yana lasa, tsohon kuma yana shafa shi da hannunsa mai lafiya. Baƙi suka yi ta dariya. Ranka ya daɗe, tun da aka haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yanzu idan na tuna zuciyata tafasa take yi. Na tabbata karyar nan ce ta shayar da shi wannan ƙasƙanci.

6. A makon jiya karyar ta tsinke sarƙa ta gudu, Kaftin ya bi ta. A bukkar Tanimu muka same su, su uku a tabarma guda. Kaftin duk kaska da ƙarangiya, yana cin ƙanzo. Karen da ake yi wa wanka da sabulun maiɗakina! Na ɗauko shi na hukunta shi, ga shi yanzu ya ƙi abinci, sai kuka yake yana kallon ƙofa. Mutanen tungar kuwa sun tare hanya, sun hana ni taɓa karyar, har wata mata ta tofar da yawu a gefen takalmina.

Saboda haka nake roƙon alfarmarka:

Na farko, a ja kunnen mutanen tungar nan su san na gaba da su.

Na biyu, a hana Tanimu kusantar gidana.

Na uku, a tura masu harbin mahaukatan karnuka su harbe karyar. Gaskiya ban ga alamar hauka tare da ita ba, amma muddin tana raye Kaftin ba zai zama nawa ba. Idan an amince, ina roƙo a sanar da ni ranar, in kawo Kaftin ya gani, ya san ba sauran inda za shi. A kuma yi a ƙofar bukkar, tsohon yana riƙe da igiyar. Na san ba zai gani ba, amma zai ji lokacin da ta daina ja.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka tausayin talakawa.

Ni ne mai biyayya a ƙarƙashinka,

Markus Dogo