Tambayar da na haɗiye a bakin rumbun albasa

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗana na fari, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, mun kwashe albasar bana. Ina zuba ta a rumbu sai na tuna hutunka na ƙarshe a Danwarai. Kana tsaye kana ba ƙanwarka Hafsatu labarin karatunka na jami'a, ni kuma ina tsince ruɓaɓɓu kamar ba na ji. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Amma kunnena na wurinka.

Ka ce akwai wani abu wai shi silikon, daga yashi ake fitar da shi, yana cikin wayoyinmu. Masana kan yanko ɗan siririnsa, su harbe shi da wani haske mai ƙarfi da ake kira lesa. Kafin ƙiftawar ido matsi ya ratsa shi, ƙwayoyin cikinsa sun sake jeri, yana ɗaukar wutar lantarki kamar ƙarfe. In bugun ya tsananta, har narkewa yake.

Na ce da Hafsatu, don kai ka ji, mu dai albasar da ke ƙasan tuli in nauyi ya danne ta ruɓewa take. Ka yi dariya ka ce, “Faɗa wa Inna wannan ba ya ruɓa, canzawa yake.”

Tambaya ta zo har bakina: to in an ɗauke matsin, yana komawa yadda yake? Na haɗiye ta, na ce sai wani hutun. Sai hatsarin nan na hanyar Jega.

Masu zuwa gaisuwa suna ce mini in yi haƙuri, zan koma kamar da. Duk wadda ta faɗa, silikon ɗinka nake tunawa.

Makon jiya wani abokin karatunka ya zo daga Aliero gaishe ni. Na ajiye kunya na tambaye shi. Ya ce sau da yawa ba ya komawa daidai, yakan tsaya da wani sabon jeri, amma shi ɗin ne dai. Daren nan na yi barci.

Saura ɗaya: haske da ba shi da nauyi, ta yaya yake danne abu? Wannan ban tambaye shi ba. Kai na ajiye wa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda ba kunya tsakanin uwa da ɗa. Allah Ya jiƙanka, Nasiru. Ga shi yau na faɗa.

Taka,
Inna