Giɓin da Garba Ya Bari

Lahadi da dare, Ardwick

Haƙarƙarina kamar an daka a turmi. Yau Garba ya buga wasansa na farko, ɗan kokawar Argungun nan da na kawo wa team ɗinmu na ƙwallon Amurka a jami'a. Coach ya yi ta nanata masa tsarin tsaronmu: kowa ya tsare giɓinsa, wato wurin da aka ba shi a layi, ko sama da ƙasa za su haɗu.

A filin Birmingham wani ƙato daga abokan karawarmu ya gabza min kwalkwalinsa a ƙirji bayan an busa usur. Garba ya gani. Ana komawa wasa ya bar giɓinsa, ya sunkuci mutumin ya maka shi da ƙasa, har na ji ƙashi ya yi ƙara. Mai ƙwallo kuwa ya bi ta wurin da ya bari, aka ci mu.

A bas na zage shi tas. Ya goge jinin leɓensa ya ce, "Yaya, a doke ka ina tsaye ina gadin ciyawa?"

Gobe coach zai tambaye ni ko Garba ya dace da tsarinmu. Wallahi bai dace ba. Amma tun da na zo ƙasar nan, ba wanda ya taɓa barin wurinsa saboda ni.