Kumfar Cikin Bahon Faci

Alhamis da dare, Gwarzo

Yau da safe wata tsohuwar fijo ta tsaya a rumfata, tayarta ta sace. Mai motar wani Dakta ne daga jami'a, za shi Kabo ta'aziyya. Na hura tif ɗin tayar na tsoma a bahon ruwa, na jira in ga inda ya huje. Can sai ga kumfa tana tasowa.

Ban san sanda na ce, "Ranka ya daɗe, duba, ƙananan miƙewa suke sama ɗoɗar, manyan kuwa sai sun yi rangaji."

Irin maganar nan ce fa ta sa 'yan acaɓa suke kirana Malam Kumfa, har Baba ya ce gobe bayan Juma'a zai kai ni ruƙiyya, wai mai lafiya ba ya wuni yana kallon ruwa.

Dakta ya tattare riga ya durƙusa. "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Baho."

Ashe shekara da shekaru abin da yake bincike a kai ke nan da kyamara, yanzu ma ta lalace, babu kayan gyara. Ya ce in ɗiga ruwan sabulu. Wallahi sai kumfar ta rage gudu! Saura kaɗan in yi ihu.

Ashe Baba yana tsaye bayanmu. Dakta ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, in wannan hauka ne, na riga ɗanka kamuwa."

Baba ya ce, "To, Allah ya shirye ku." An fasa ruƙiyya.

A gaban Sale mai shayi aka yi, da Ɗanliti ɗan acaɓa, wanda ya raɗa mini sunan Malam Kumfa.