Inna, Bana Zan Kawo Su Gida

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarki, sai yau na samu labarin da zan iya ba ki ba tare da na sunkuyar da kai ba. Inna, mun tsayar da rana. Da zarar an ba yara hutun damina, ni da baban Ummi za mu ɗauko su daga Kaduna mu kawo su gida.

Ummi takwararki ta cika shekara bakwai, Abba kuma huɗu. Ba wanda ya taɓa taka Nijar a cikinsu. Kwanaki malamarsu ta ce kowa ya zana garin mamarsa, Ummi ta je ta faɗa wa 'yan ajinsu ni 'yar ƙasar waje ce, ta zana dogayen benaye da jirgin sama a kansu. Da ta nuna mini na yi dariya har da hawaye. Daga baya hawayen suka ƙi tsayawa, domin ba laifinta ba ne.

Sau nawa kika ce in kawo miki su? Duk lokacin da Yaya Salisu ya hau tudun bayan gida ya samu rezo, wato sabis, ya miƙa miki waya, kafin ki tambayi lafiyata sai ki ce, "Habsatu, yaushe zan ga mutanen nan?" Ni kuma ban rasa uzuri ba. Yau in ce zafi ya yi yawa, gobe in ce Abba yana haƙori, jibi in ce sai sun ƙara ƙwari. Ke kuma sai ki ce, "To, Allah ya kai mu." Ba ki taɓa yi mini faɗa ba. Da kin yi, da wataƙila na zo.

Yanzu ga ni ina shiri kamar mai zuwa Makka. Baban Ummi ya kai mota gareji har sau biyu. Ya buɗe taswira a waya yana ta aune-aune: mu yada zango a Kano, washegari da sassafe mu bi ta Gumel zuwa Maigatari, mu tsallaka, mu nufi Dungas, daga nan mu karkata wajen Mallawa. Na ce masa inda kwalta ta ƙare wayar nan ba ta san komai ba, sai dai mu tsaya mu tambayi masu kabu-kabu. Bai yarda ba tukuna. Zai yarda ranar da yashi ya riƙe masa taya.

Na haɗa takardun haihuwarsu da katin rigakafi saboda jandarma da 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka. Na sayi gidan sauro biyu, da maganin zazzaɓi, da ledar amai don Abba, wanda ko zuwa kasuwa ba ya jure mota. Jerin kayan ya cika takarda gaba da baya.

Ina cikin rubuta shi na tuna yadda kike kai mu kasuwar Dungas a amalanke, mu huɗu. Ba ki da takarda. Gorar fura ɗaya, ƙuli-ƙuli a ƙulle a bakin zane, da tsohon mayafi da kike kafa mana a kan kara biyu mu samu inuwa. Baba yana gaba yana sauri, ke kina cewa, "Malam, a tsaya, yarinyar nan za ta sauka." Mu sauka mu tsinci aduwa, mu bi fara, mu dawo da ƙaya a ƙafa. In Baba ya fara ƙorafin rana ta yi, sai ki ce, "Kasuwar tana nan, ba guduwa za ta yi ba. Su ma ai tafiyar tasu ce."

Wannan maganar na faɗa wa baban Ummi. Na ce duk inda yaran nan suka ce a tsaya, za mu tsaya. Ina so su ga gero ya fi mota tsawo. Ina so su ji ƙamshin ƙasa in hadari ya taso daga gabas, su ga yadda ake jan ruwa da sa a rijiyar bakin gari, su ga lakwal, makarantar da na yi, in har zanar da aka kewaye ta da ita ba ta faɗi ba.

Karsanar da kika ba Ummi ranar suna, Yaya ya ce ta haihu sau biyu. Yarinya tana da shanu uku ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Tun da ta ji take neman sunan da za ta sa musu. Abba kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, ko saniya tana cizo.

Baba ya tsufa, Inna. Idonsa ya yi rauni, sai an matso kusa yake gane mutum. Da na faɗa masa ranar zuwanmu sai ya ce, "Kada ki ɗaga." Na ce ba zan ɗaga ba, da yardar Allah.

Amma ina jin tsoro, kuma ba hanya nake tsoro ba. Ƙofar gida nake tsoro. Lokacin da na zo ta'aziyya gidan cike yake da mutane, ban ga rashinki sosai ba. Wannan karon mota za ta tsaya, kowa ya fito, in riƙa duba bayansu ina jiran ki fito kina goge hannu da zane. Baban Ummi ya ce zai ɗauki Abba su bi Yaya zuwa maƙabarta su yi miki addu'a. Ni da Ummi za mu zauna a ɗakinki mu yi tamu.

Makon jiya Yaya ya faɗa mini abin da ya ɓoye mini shekara uku. Ya ce a daminarki ta ƙarshe kin sa masassaƙi ya yi miki ɗan ƙaramin turmi da taɓarya, daidai hannun yarinya, kika tura su ƙarƙashin gado, kika ce kada kowa ya taɓa, mai su tana zuwa. Ya ce har yau suna nan.

Tana zuwa, Inna. Na makara, amma zan kawo ta. Zan zuba mata gero da hannuna, in tsaya a bayanta in riƙe mata taɓaryar kamar yadda kika riƙe mini.

Ki yafe mini. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ya ƙara wa Baba lafiya har ya shafa kawunansu. Mu kuma ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.

Ɗiyarki,
Habsatu