Jirgin da Na Roƙa

Daren Alhamis, unguwar Gudu

Komai ya canja tun ranar da na karanta wa maigidana wani littafin soyayya, shafin da saurayi ya ɗauki amaryarsa a jirginsa suka ratsa gajimare. Da wasa na ce, "Ni yaushe za a ɗauke ni haka?" Kwangilarsa na fitowa ya sayo ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, alhali bai san kan tuƙi ba.

Sau biyar ya je darasi. Yau ya sallami malamin, don ya ce masa bai iya saukar da jirgi ba tukuna.

Muna cin tuwo ya ce, "Hajiyata, jibi sai Kaduna, ni da ke. Na yanka rago, malamai sun yi addu'a, me ya rage?"

"Yallaɓai, lasisi fa?"

Ya yi dariya. "Ba ke kika roƙa ba?"

Ni na roƙa. Littafin bai faɗi shekarun da saurayin ya yi yana koyo ba. Ɗan cikina sai motsi yake. Na kira yayansa ya yi masa magana, bai ɗauka ba.

Gobe zan tafi gidan Anti Rabi a Bwari. Ba zan shiga jirgin ba.