Ba Zan Sa Tyra a Motar Kowa Ba

Zuwa ga Ragnfrid, ranata da ke leƙowa ta bayan duwatsun Folldal bayan dogon duhu, ɗumin murhuna, sanyin idona, kuma ciwon kaina,

Saƙonki ya iso. A tsaye na karanta shi bakin ƙofa, dusar ƙanƙara tana narkewa a wuyana, na sake bi daga farko ko zan tsinci inda kika tambayi lafiyata. Babu! Wai sun ba ki aiki na dindindin a gidan karnuka a Alta, wai in nemi direban da zai yi arewa in sa masa Tyra a mota. Shi ke nan? Karyarki kika tuna, ni kuma fa? Ashe mai gadin kare kika ajiye a Folldal ban sani ba?

Kin tuna ranar da za ki tafi, a bakin tafkin nan da ya daskare? Kumatunki sun yi jawur, numfashinki yana tashi fari kamar hazon safiya a kan kogi. Kika danƙa mini igiyarta kika ce, “Ka riƙa fita da ita tana jan ka a kan katakan sulu, Torleif, in ta zauna a ɗaka haukacewa za ta yi. Sanyin bana kawai zan yi in dawo.” Na ce to, don in kina magana kaina ba ya aiki. Sulu a kan ƙanƙara tun ina rarrafe na iya, kamar kowa a garin nan. Amma wa ya gaya mini cewa kare ya ja mutum wata duniya ce daban?

Ranar farko katakan sulun babana na ɗauko, faffaɗan nan na hawan dutse. Ban kai titi ba tsohuwa Oddny maƙwabciyata ta buɗe taga ta kwatsa mini: “Kai ɗan nan, fita za ka yi da karyar ko yanka ta? Ba ka ga bakin ƙarfe a katakan ba? Ta ja birki ka hau ta, ai ka tsinke mata jijiya!” Na je kanti na sayo sirara na 'yan tsere, suka riƙa rawa a ƙafata kamar na taka tsinke. Na mayar, na ɗauko masu laushi, su kuma da Tyra ta fizga sai su lanƙwashe su watsar da ni. Sai daga baya na dace da masu ɗan tauri, marasa ƙarfe, da takalmin da ke riƙe idon sawu. Ɗamarar da ake maƙala wa igiyar ma a kan cikina na ɗaura ta maimakon ƙugu, bayana ya yi ta yi mini tsiya har na kasa sunkuyawa. Duk wannan kina ina, ya farar tsuntsuwata? Ke da kallo ɗaya za ki yi ki ce, ga wanda za ka saya!

Ita kuwa gimbiyar taki ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba. Ta hango zomo a kwana, ta kwashe ni ta haɗa da itace, leɓena ya fashe. Ina kwance da jini a baki, takaici ya sa na ƙwala ihu: “Ragnfrid!” Wallahi sai ta miƙe kunne ta zabura gaba kamar kibiya, ta ɗauka kina can ƙarshen hanya. Tun daga ran nan, da sunanki nake tashinta. Garin nan kaf an ji ni ina kiran ki a daji. Oddny har ta aiko mini da waina da jan cuku, wai ta gaida mai taɓin hankali.

Makon jiya kuma abin ya yiwu. Igiya ta miƙe, katakai suka daina gardama, ba a jin komai sai haki nata da shuuu na ƙanƙara a ƙarƙashina. Na tashi sama, Ragnfrid, na tashi! Na waiga in ce kin gani, sai itatuwa. Me zan yi da daɗin da ba ki gani ba? Wa zan kai wa?

To ki ji. Ba zan sa Tyra a motar kowa ba. Na ɗauki hutu a wurin aikina na yankan katako, ranar Asabar zan ɗaure katakan suluna a saman mota, ni da ita mu kamo hanyar Alta. In a can zuciyarki ta zauna, ai can ma akwai katako, akwai masu yanka shi. In kuma kin gama da ni ne, ki faɗa mini a tsaye, idonki cikin nawa. Amma ki sani tun yanzu: mu biyu za mu ƙwanƙwasa ƙofarki, kuma ba a karɓar ɗaya a bar ɗaya a waje.

Naki da fasasshen leɓe da zuciyar da ba ta san kowa ba sai ke, yau da gobe har ƙasa ta rufe ni,

Torleif