A Kai Laraba Asibiti

Kalaba, 9 ga Yuli, 1991

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Baba da aikin citta, da mutanen Godogodo duka? Ni ina lafiya, abincinsu ne dai har yanzu ban saba ba.

Karɓar haihuwa da na koya a gefenki yana taimakona a makaranta. Da na ɗora hannu a ciki sai in gane kwanciyar jariri. Takarda ce ke ba ni wuya. Jarrabawar rubutu ba ta yi kyau ba, zan sake a Satumba. Kada ki damu, a sa ni a addu'a.

Makon jiya an kawo wata mai ciki, ƙafafunta sun kumbura, kanta na ciwo. Na taɓa ta na ce lafiya lau, yadda muke faɗi a gida. Malamarmu ta auna ta, ta ce, "Rifkatu, hawan jini ne. Hannu ba ya jin wannan." Kafin yamma jijjiga ta kama ta. An ceci uwar, ɗan bai zo da rai ba.

Yaya Silvanus ya rubuto cewa ƙafafun matarsa Laraba sun kumbura. Mama, ke kika karɓi haihuwar rabin garinmu, ban raina hannunki ba. Amma ina roƙonki, ranar da wasiƙar nan ta iso ku kai ta asibiti a Kafanchan a auna ta. Kada a jira ranar kasuwa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

'Yarki,
Rifkatu